Kundin Zaɓaɓɓun Waƙoƙi a Matsayin Matani: Nazari a kan Kundin Leonard Cohen na 1997

1.0 Gabatarwa

Daga cikin hanyoyin da waƙoƙi suke bi su isa ga jama'a akwai kundin zaɓaɓɓun waƙoƙi, wato faifai ko kaset wanda ake tsamo waƙoƙinsa daga faya-fayan da mawaƙi ya riga ya fitar, a jera su wuri guda, sannan a sake kai su kasuwa. Sau da yawa irin wannan kundi shi ne abin da yake fara faɗawa hannun manazarci, wani lokaci ma shi kaɗai yake samu. Saboda haka akan ɗauke shi tamkar madubin da yake nuna mawaƙin gaba ɗayansa, a gina hukunci a kansa game da jigo da salo da bunƙasar fasahar mawaƙin.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa kundi irin wannan aiki ne na tacewa, wanda hannun mai zaɓe ya ratsa shi tun daga waƙar farko har zuwa ta ƙarshe. Mai zaɓen nan yana ɗauka, yana bari, yana jerawa, kuma idan waƙa tana da siga fiye da ɗaya shi ne yake yanke wadda za a ji. Domin a fito da wannan a fili, an ɗauki misali guda, wato kundin da kamfanin Columbia ya fitar a watan Oktoba na 1997 mai suna More Best of Leonard Cohen. An zaɓi wannan kundi ne saboda tarihin kowace waƙa da ke cikinsa sananne ne, don haka ana iya bin sawun abin da aka ɗauka da abin da aka bari ba tare da kirdado ba.

2.0 Mawaƙin da Ayyukansa

An haifi Leonard Cohen a ranar 21 ga Satumba, 1934, a unguwar Westmount ta birnin Montreal a ƙasar Kanada, cikin wani gida na Yahudawa. Ya rasu a Los Angeles ta Amurka a ranar 7 ga Nuwamba, 2016. Da alƙalami ya fara suna kafin murya. Littafinsa na farko na rubutattun waƙoƙi ya fito a 1956, ya kuma wallafa ƙagaggun labarai biyu, ɗaya a 1963, ɗayan a 1966. Sai a ƙarshen 1967, yana da shekara 33, ya fitar da faifansa na farko. Wannan asali na marubuci bai rabu da shi ba, domin a 2011 an ba shi lambar girmamawa ta Yariman Asturiyas ta ƙasar Sifaniya a fannin adabi.

Faya-fayansa huɗu na farko da ya ɗauka a situdiyo sun fito ne a 1967 da 1969 da 1971 da 1974. Daga cikinsu aka tsamo waƙoƙi 12 aka yi kundin zaɓaɓɓu na farko a 1975, mai suna The Best of Leonard Cohen. Bayan wannan ya fitar da faya-fayai biyar na situdiyo kafin 1997: Death of a Ladies' Man a 1977, Recent Songs a 1979, Various Positions a 1984, I'm Your Man a 1988, da The Future a 1992. A 1994 kuma aka fitar da Cohen Live, wanda ya ƙunshi waƙoƙin da aka ɗauka a gaban 'yan kallo a rangadinsa na 1988 da na 1993. Sunan kundin 1997 yana nuna cewa ci gaba ne na kundin 1975. Mai saye zai ɗauka ke nan cewa ya ƙunshi zaɓaɓɓun waƙoƙin shekaru 22 da suka raba kundayen biyu.

Wani abin lura shi ne halin da mawaƙin yake ciki a lokacin da kundin ya fito. Tun 1994 ya keɓe kansa a wani gidan ibada na mabiya ɗariƙar Zen a kan dutsen Baldy, kusa da Los Angeles, bai kuwa sauko ba sai 1999. Shekara biyar ke nan a 1997 rabonsa da fitar da sababbin waƙoƙi na situdiyo. Kundin zaɓaɓɓu yakan fito a irin wannan lokaci na shiru, domin kada sunan mawaƙi ya dushe a kasuwa.

3.0 Zubi da Tsarin Kundin

Kundin yana da waƙoƙi 13, waɗanda za a iya kasa su gida huɗu gwargwadon tushensu. Kashi na farko waƙoƙi huɗu ne daga faifan 1988: "Everybody Knows" da "I'm Your Man" da "Take This Waltz" da "Tower of Song". Kashi na biyu waƙoƙi huɗu ne daga faifan 1992: "Anthem" da "Democracy" da "The Future" da "Closing Time". Kashi na uku waƙoƙi uku ne daga faifan rangadi na 1994: "Dance Me to the End of Love" da "Suzanne" da "Hallelujah". Kashi na huɗu kuwa abubuwa biyu ne da ba a taɓa fitarwa ba, wato waƙar "Never Any Good" da wani gajeren karatu mai suna "The Great Event", wanda muryar kwamfuta ce take furta shi.

Wannan tsari yana da dalilansa. Kashi biyu na farko su ne gangar jikin kundin, domin an kwashi rabin faifan 1988 mai waƙoƙi takwas, da kusan rabin na 1992 mai guda tara. Kashi na uku yana jawo mai saurare zuwa ga tsofaffin waƙoƙi, amma cikin muryar mawaƙin ta manyantaka. Kashi na huɗu kuwa ƙoto ne na kasuwa, domin wanda ya riga ya mallaki faya-fayan baya ba shi da dalilin sayen kundin sai an saka masa wani abu da ba shi da shi.

4.0 Abin da Aka Bari

Idan aka auna kundin da jerin faya-fayan da aka ambata a sama, za a ga giɓi mai faɗi. Babu waƙa ko ɗaya daga faifan 1977, wanda Cohen ya yi tare da Phil Spector cikin kiɗa mai yawan kayan busa da bugu. Babu ko ɗaya daga faifan 1979, wanda aka san shi da sautin gogen Turawa da na molon Larabawa da ake kira ud. Faifan 1984 kuwa ya samu wakilci da waƙoƙi biyu, amma ba a sigar da aka ɗauke su a situdiyo ba. Ko a faifan 1988 ma an tsallake "First We Take Manhattan", wadda ita ce ta buɗe faifan, kuma tana cikin sanannun waƙoƙinsa na wannan zamani.

Sakamakon wannan giɓi shi ne, wanda ya dogara da kundayen biyu kaɗai zai yi tsalle daga sautin 1974 zuwa na 1988, shekara 14 ke nan, ba tare da wani tsani a tsakani ba. A kundin farko zai ji murya matsakaiciya tana bin jita mai laushi. A na biyu zai ji murya mai kauri da zurfi, kusa da magana, tana tafiya a kan kiɗan na'urorin lantarki, ga mata 'yan amshi suna rufe mata baya. Zai yanke hukunci cewa mawaƙin ya sauya salo a dare ɗaya. Alhali kuwa sauyin ya riga ya kankama a faifan 1984, inda Cohen ya fara tsara wasu waƙoƙinsa a kan wata ƙaramar na'urar kiɗa ƙirar Casio, muryarsa ma ta riga ta fara sauka. Wato ke nan tsanin yana nan, kundin ne bai nuna shi ba.

Shi wannan faifai na 1984 yana da tarihin da ya kamata a ambata. Kamfanin Columbia ya ƙi fitar da shi a Amurka a wancan lokaci, sai wani ƙaramin kamfani mai suna Passport ya fitar da shi a can. Shekara 13 bayan haka, kamfanin da ya ƙi faifan shi ne ya saka waƙoƙi biyu daga cikinsa a jerin mafiya kyau. Wannan yana nuna cewa hukuncin "mafi kyau" na lokaci ne, yana sauyawa gwargwadon karɓuwar waƙa a wurin jama'a.

5.0 Jigo da Hoton Mawaƙi

Waƙoƙi takwas na farko, idan aka saurare su a jere, suna gina hoto guda na mawaƙin, wato dattijo mai duban duniya da idon wanda ya ga jiya ya ga yau. "Everybody Knows", wadda ya tsara tare da Sharon Robinson, jigonta shi ne lalacewar zamani da ha'incin da kowa ya sani amma aka yi shiru. "Tower of Song" tana magana ne a kan sana'ar waƙa da tsufa, har mawaƙin yana yi wa muryarsa ba'a, yana kuma ƙasƙantar da kai a gaban magabacinsa Hank Williams. "Democracy" da "The Future" 'ya'yan zamaninsu ne, domin sun fito ne bayan rushewar katangar Barlin da tarzomar dandalin Tiananmen na ƙasar Sin, duka a 1989. Ta farkon tana hangen mulkin dimokuraɗiyya da fata mai gauraye da zambo, ta biyun kuwa tana hangen gaba da fargaba. "Anthem" waƙa ce ta haƙuri da rashin kamalar duniya.

Duk waɗannan jigogi suna nan a cikin waƙoƙin, ba mai zaɓe ne ya ƙirƙiro su ba. Abin da ya yi shi ne tara su wuri guda, tare da kawar da abin da zai sirka su. Alal misali, faifan 1992 ya ƙunshi waƙoƙin soyayya biyu na wasu mawaƙa da Cohen ya rera, ɗaya ta Irving Berlin, ɗaya ta Frederick Knight, da kuma wani kiɗa wanda babu waƙa a cikinsa. Da aka cire waɗannan, sai abin da ya rage ya ƙara nauyi ta fuskar siyasa da hangen ƙarshen zamani. Manazarcin da ya ƙidaya jigogi daga kundin zai sami kason da ya bambanta da wanda zai samu daga faya-fayan asali.

6.0 Matsalar Matani

6.1 Waƙa ɗaya, baitoci dabam-dabam

Inda hannun mai zaɓe ya fi bayyana shi ne a waƙar "Hallelujah". Sigar 1984 tana da baitoci huɗu. Biyu na farko sun ginu ne a kan labaran Sarki Dawuda da na Samson kamar yadda suka zo a littattafan Yahudawa. Sigar da take cikin kundin 1997 kuwa an ɗauke ta ne a birnin Austin na jihar Teksas a 1988. A cikinta Cohen ya ajiye baitoci uku na farko, ya kawo wasu uku da suke magana a kan soyayyar da ta mutu, ya bar baitin ƙarshe kaɗai da amshi. Suna ɗaya, karin murya ɗaya, amma kashi uku cikin huɗu na matanin ya sauya.

Daɗin daɗawa, sigar da ta fi yaɗuwa a duniya ba ɗaya daga cikin biyun nan ba ce. A 1991 mawaƙi John Cale ya rera waƙar da baitoci biyar, biyu daga sigar 1984, uku daga sigar dandali. Wannan jeri ne Jeff Buckley ya bi a faifansa na 1994, kuma shi mafi yawan masu rera waƙar suka gada. Saboda haka idan manazarci ya ce jigon waƙar kaza ne, tambayar farko da za a yi masa ita ce wace siga yake nufi. Wanda ya san ta daga kundin 1997 kaɗai zai ce waƙar rabuwar masoya ce. Wanda ya san ta daga faifan 1984 zai ce ta fi karkata ga addini. Kowannensu ya faɗi gaskiya a kan abin da ya ji.

6.2 Matani ɗaya, murya biyu

Waƙar "Suzanne" tana nuna wata fuskar matsalar. Ta fara fitowa ne a matsayin rubutacciyar waƙa a littafin Cohen na 1966. A wannan shekara Judy Collins ta rera ta a faifai, sannan shi kansa ya rera ta a 1967. Ita kaɗai ce waƙar da ta bayyana a kundayen biyu: a na 1975 da muryar ɗan shekara 33, a na 1997 da muryar mutumin da ya haura hamsin. Kalmomin kusan ba su sauya ba, amma abin da kunne yake ji ya sauya, domin yabon mace daga bakin saurayi ya koma tuna baya daga bakin dattijo. Wannan wani ɓangare ne na ma'ana wanda ba ya hawa takarda idan aka rubuta matanin waƙa.

Haka kuma "Dance Me to the End of Love", wadda a zahiri waƙar aure ce da soyayya. Cohen da kansa ya bayyana cewa tushenta shi ne labarin makaɗan da aka tilasta wa yin kiɗa a sansanonin kisan Yahudawa na 'yan Nazi. Ba kowane mai saurare ne zai gano wannan daga matanin ba, sai ya samu bayani daga wajen waƙar.

6.3 Waƙar da take fassara

"Take This Waltz" fassara ce mai 'yanci ta wata waƙar Sifaniyanci ta Federico García Lorca mai suna "Pequeño vals vienés", daga diwaninsa Poeta en Nueva York wanda aka buga a 1940. Cohen ya fara rera ta ne a 1986, a wani faifai da mawaƙa da dama suka haɗu suka yi domin cikar shekara 50 da kashe Lorca, sannan aka sake gyara ta aka saka a faifan 1988. Kafin ta isa kundin 1997 ke nan ta ratsa harshe biyu da marubuci biyu da faifai biyu. Mai nazarin salon Cohen da ya tsinci siffantawa mai ban mamaki a wannan waƙa, dole ne ya koma ga matanin Sifaniyanci ya tantance wadda take ta Lorca da wadda mai fassara ya ƙara.

7.0 Hukuncin Lokaci

A 1997 Cohen yana da shekara 63, yana zaune a kan dutse, don haka kundin ya yi kama da rufe littafi. Abin da ya biyo baya ya nuna akasin haka. Ya fitar da sababbin faya-fayai a 2001 da 2004. Bayan da ya gano cewa mafi yawan abin da ya tara ya salwanta, har magana ta kai kotu a 2005, sai ya koma rangadi a 2008, ya ci gaba har 2013. Ya ƙara faya-fayai uku a 2012 da 2014 da 2016, na ƙarshen ya fito makonni kaɗan kafin rasuwarsa, sannan aka fitar da wani a 2019 bayan rasuwar tasa. Abin da aka ɗauka waƙoƙin ƙarshen rayuwa ne sai ya zama na tsakiya.

Ko zaɓen kansa bai tsaya a inda yake ba. A 2002 an fitar da wani kundi mai faifai biyu, The Essential Leonard Cohen, wanda ya mayar da "Hallelujah" a sigarta ta 1984, ya kuma shigo da waƙa ɗaya daga faifan 1979. Shekara biyar kacal tsakanin kundayen biyu, kamfani ɗaya, amma hoton mawaƙin ya sake fasali.

8.0 Abin da Wannan Yake Nufi ga Nazarin Waƙa a Gida

Matsalolin da aka zayyana ba baƙi ba ne ga mai nazarin waƙoƙin baka na Hausa. Sanannen abu ne cewa makaɗa irin su Alhaji Musa Ɗanƙwairo da Alhaji Mamman Shata sukan riƙe gindin waƙa, su ƙara ɗiya ko su rage gwargwadon wuri da lokaci da mutanen da ke zaune. Waƙoƙinsu kuma sun isa ga manazarta da dama ta hanyar kaset-kaset da aka tara waƙoƙi dabam-dabam a ciki, galibi ba tare da an rubuta shekara ko wurin ɗauka ba. Bambancin kawai shi ne, a misalin Cohen ana iya tantance kowane mataki da shekararsa. Idan har mawaƙin da yake rubuta baitocinsa a takarda, yake kuma buga su a littafi, zai iya sauya kashi uku cikin huɗu na waƙa a cikin shekara huɗu, to wanda yake ƙulla waƙarsa a ka a gaban jama'a ya fi kusa da yin haka. Wannan ma yana nuna cewa katangar da akan gina tsakanin rubutacciyar waƙa da waƙar baka, a kan cewa ta farkon tana da tsayayyen matani, ba ta kai tsawon da ake zato ba.

Saboda haka akwai tambayoyi huɗu da ya kamata manazarci ya yi wa duk wani kundi kafin ya jingina hujja da shi. Yaushe aka ɗauki kowace waƙa, kuma a ina? Shin akwai wata sigar waƙar da ta saɓa wa wannan? Wane ɓangare na ayyukan mawaƙin aka tsallake? A wane mataki na rayuwar mawaƙin aka yi zaɓen, kuma don wa aka yi shi?

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta duba kundin More Best of Leonard Cohen ta fuskar abin da ya ƙunsa da abin da ya bari da kuma sigogin da ya fifita. An ga cewa waƙoƙi takwas daga cikin 13 sun fito ne daga faya-fayai biyu kacal, faya-fayai biyu kuma an tsallake su ɗungurungum, sannan shahararriyar waƙar mawaƙin ta zo da baitocin da suka saɓa wa na asali. Wannan bai rage wa kundin daraja ba, domin shaida ce mai kyau ta yadda aka so a ji Cohen a 1997. Manazarci yana iya kafa hujja da shi a kan wannan, amma idan magana ta koma kan bunƙasar salon mawaƙin ko jigon wata waƙa tasa, wajibi ne ya koma ga faya-fayan asali, ya kuma faɗi sigar da ya saurara da shekarar da aka ɗauke ta.